Taku Bakwai a Gonar Jatau

Ku matso ku ji, kuma kowa ya tanadi dalilinsa, don ba a yanke wannan magana da ka.

Mati da ƙanensa Jatau sun gaji gona ɗaya, aka raba musu ita da layin gamba. Duk shekarar da Jatau ya tafi cin rani, sai Mati ya tumɓuke gambar ya matsar da ita taku ɗaya cikin rabon ƙanensa. Shekara bakwai, taku bakwai. Sata ce, kada kowa ya sake mata suna. Ranar da Jatau ya gane, ya tsaya a bakin iyakar ya ce, "Yaya, da ka roƙa ai da na ba ka." Ya ɗauki sandarsa, ba a ƙara ganinsa ba.

Wurin bai taɓa ba Mati ko dami ɗaya ba, sai ciyawar wuta-wuta. Bayan shekara talatin ciwo ya kwantar da shi. Ya sa aka juya shimfiɗarsa ta fuskanci ƙofa. Duk sallamar da ya ji sai ya ɗaga kai: "Jatau ne?" Yana tsoron ya je gaban Allah da alhakin nan, amma abin da ya fi cinsa shi ne ya manta yadda dariyar ƙanensa take.

Mati yana da 'ya'ya uku. Tabawa ta baro ɗakinta ta zauna jinyarsa wata huɗu, tana ba shi kunu a ludayi, tana juya shi. Ita ta matsa masa, "Baba, me ka yi wa Baffa?" har ya faɗi abin da ya ɓoye musu tun suna yara.

Cindo ya bi sawu daga tasha zuwa tasha, wata biyu, har ya sami Jatau yana sayar da goro a wata kasuwa can bayan Yola. Jatau ya ce, "Ni ba ni da wa. Koma." Cindo bai koma ba. Ya zauna a gindin rumfarsa, kullum yana gaishe shi.

Ɗanladi kuwa, wanda shi ke noman gonar, ya tara mai unguwa da dattawa, ya faɗi laifin ubansa a gabansu, ya auna taku bakwai, ya mayar da gambar da hannunsa. Aka yi ta nuna shi a kasuwa. Sai da wannan labari ya isa can Jatau ya rufe rumfa, ya biyo Cindo gida.

Da Jatau ya shigo, Mati ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka yafe mini."

Jatau ya ce, "Na yafe. Yaya, ka tsufa."

Bayan kwana uku Mati ya cika. Jatau bai haihu ba, ya ce gonarsa ta mutum ɗaya ce, wanda ya sauke wa yayansa wannan kaya.

To, tsakanin Tabawa da Cindo da Ɗanladi, wa ya sauke shi?