Wuƙa Mai Rigar Yumɓu

A Birnin Tsaunin Tama an yi wani Sarkin Maƙera, Jatau, jikan Gagare mai masabar tsawa, gwani na gwanaye amma mai fankamar tsiya, wanda ya yi kirari a kasuwa cewa ko sarƙar aljannu wuƙarsa za ta datse. Baki shi ke yanka wuya. Ƙanƙarau, sarkin baƙaƙen aljannu, ya sa guguwa ta sure shi, aka ɗaure shi da sarƙa a fadarsa.

Ɗansa Barmo ya rataya awartaki, ya ratsa Birnin Tagulla da kogin da ke gudu da baya, har ya faɗi gaban Ƙanƙarau. Sarkin ya ce, "Ya kai ɗan mai cika baki, ga sandunan ƙarfe uku. Ka ƙera wuƙar da za ta datse sarƙar nan. In ta ukun ta kasa, ubanka zai hura mana zugazugi har tashin duniya."

Barmo ya ƙera wuƙa ta farko, ya gasa ta ta yi jawur, ya tsoma ta duka a ruwa yadda kakanninsa ke yi, ta yi tauri, amma sara ɗaya ta tarwatse kamar kasko. Ta biyu ya hana ta ruwa, ta lanƙwashe. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

Wata tsohuwar aljana maginiyar tukwane, Inna Dudu, ta yi dariya har haƙorinta ɗaya tilo ya bayyana. "Ɗan nan, ku maƙera kun raina laka. Bakin wuƙa ke son tauri, bayanta kuwa laushi yake so, don ya shanye duka."

Barmo ya durƙusa. "Inna, yaya ƙarfe guda zai yi hali biyu?"

"Sa wa bayan riga."

Barmo ya ƙera ta ukun, ya kwaɓa yumɓu da toka, ya shafe bayan wuƙar da kauri, ya bar kaifin tsirara, ya jira ya bushe, ya zuga wuta har ƙarfen ya yi ja, sannan ya tsoma. Ruwa ya yi tsuwa! Kaifin ya huce nan take ya ƙeƙashe, bayan kuwa ya huce a hankali cikin rigarsa. Da ya wasa ta, sai ga wani zane kamar sawun maciji a rairayi.

Ya yi bisimilla ya kai sara. Tartsatsi ya tashi, aljannu suka dare, wuƙar ta girgiza ta miƙe, sarƙa ta faɗi gida biyu!

Jatau ya rungume ɗansa yana kuka, sannan ya je ya tsuguna gaban tsohuwar, ya ce, "Inna, shekara arba'in ina ƙira, ashe ni ɗan koyo ne." Suka koma gida da kiɗa da guɗa, Jatau ya sauka daga sarauta da kansa, aka naɗa Barmo Sarkin Maƙera. Allah Ya raba mu da raina na ƙasa.