Tsatsar da Yaya Ya Gani Ya Yi Shiru

Akwai wani mai gyaran jikin mota da kowa a layin garejinsu yake kira Yaya. Sunan daga bakin ƙanensa Auta ya fito, wanda ya taso a hannunsa bayan rasuwar mahaifinsu. Da kuɗin walda da bugun ƙarfe Yaya ya yi masa karatu, har Auta ya zama babba a wani kamfani, ya yi aure, ya samu 'ya guda mai shekara takwas da ake wa laƙabi da Gimbiya.

Tun yana yaro Auta yake mafarkin tsohuwar motar tsere, irin mai ƙofa biyu da ake zuge rufinta. Wata rana ya ji labarin wata ja da za a sayar, ta girme shi a shekaru amma tana sheƙi kamar jiya aka ƙera ta. Ya kira Yaya a waya.

"Yaya, don Allah ka zo ka duba min ita kafin in biya. An ce irin waɗannan tsatsa ce ke cin su."

Yaya ya ajiye aikin da ke hannunsa, ko kayan aiki bai tsaya canzawa ba. Ya zuba tocila da sukundireba da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya tafi cike da murnar cewa har yanzu ƙanensa yana bukatarsa.

Ya iske Auta a farfajiyar gidan mai motar tare da abokan aikinsa biyu, duk sun sha kwalliya. Mai motar ya kalli rigar Yaya da ta sha baƙin mai, ya ce, "Wannan fa?"

Auta ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Makanikena ne."

Yaya ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ciro maganaɗisun ya fara bin jikin motar da shi. Inda ƙarfe yake da lafiya sai ya manne. Da ya zo ƙasan ƙofa sai ya sulale ya faɗi, alamar rami ne aka cike aka shafe da fenti.

Ɗaya daga cikin abokan ya kwashe da dariya. "Kai, makaniken naka duba yake mata ko gyara?"

Auta ma ya yi dariya. "Malam, a bi a hankali kar a karce mana fenti. Leƙa ƙasa kawai, sauri muke."

Aka ɗaga motar da jak, Yaya ya kwanta ya shige ƙarƙashinta. An shafe ko'ina da sabon baƙin fenti. Ya haska tocila, ya ɗora sukundireba a kan babban ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya danna kaɗan. Sai ta lume kamar a cikin burodi, garin tsatsa ya zubo masa a fuska. Ya bi bututun man birki da yatsa, ya ji ya kumbura, ga danshi a jikinsa.

Yana kwance ya yi lissafin aikin a ransa. Sai an yanke ƙasan gaba ɗaya, a sa sabon ƙarfe, a canza bututai. Gyaran zai fi kuɗin motar. Kafin a yi shi kuwa, hawanta ganganci ne.

Ya fito yana karkaɗe riga. Auta bai ko dube shi ba, hankalinsa na kan sitiyari.

"Yaya dai, makanike? Mu biya?"

Wannan ce kaɗai "yaya" da ta fito daga bakin Auta tun da Yaya ya iso wurin.

Yaya ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Fentinta ya yi kyau."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, Auta kuwa ya biya kuɗin motar. A hanyar komawa yana ta gaya wa kansa cewa ai bai yi ƙarya ba. Bari ta mace masa a titi, ya jawo ta gareji kansa a sunkuye, a ranar zai tuna wane ne makanike.

Amma zuciyarsa ba ta bar shi ya huta ba. Yana tsaka da walda sai ya ga bututun nan a idonsa. Yakan ɗauki waya ya nemo lambar Auta, sai kalmar "makanikena" ta dawo masa, ya mayar da ita aljihu.

Matarsa ta lura abinci yana dawowa yadda ta kai shi. Da ta matsa, ya ba ta labari.

Ta dafe ƙirji. "Haba Baban yara! Ya yi maka ba daidai ba, na yarda. Amma birki fa ka ce. Ka kira shi yanzu, in ya so ka zage shi daga baya."

"Zan kira shi gobe."

Gobe ta zo ta wuce, bai kira ba.

Ranar wata Asabar da hantsi, yana cikin gareji, matar Auta ta kira shi tana kuka. Auta ya ɗauki Gimbiya yawo a jar motar. A wata gangara ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Don kada ya afka wa mutane, ya karkata ya daki katanga, ta gefen da yarinyar take.

Yaya bai san yadda ya isa asibiti ba. Ya iske Auta a kan benci da bandeji a goshi. An shiga da Gimbiya ɗakin tiyata, ƙafarta ta karye a wuri biyu.

Auta na ganinsa ya tashi ya rungume shi yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Yaya, ka yafe min. Ni na jawo. Na hana ka dubawa da kyau, na yi ta azalzalarka. Da na ba ka lokaci da ka gani."

Yaya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ga hanya a buɗe: ya ce ƙaddara ce, magana ta mutu har abada. Amma sai ya janye jikinsa.

"Auta, na gani."

"Ka ga me?"

"Tsatsar. Da bututun birkin. Duk na gani a ranar. Ka kira ni makanike a gaban mutane, raina ya ɓaci, na yi shiru don ka ji a jikinka. Wallahi ban taɓa kawo Gimbiya a raina ba."

Auta ya tsaya yana kallonsa. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ya koma can ƙarshen bencin ya zauna, ya juya fuskarsa ga ƙofar tiyata. Yaya ya gwammace a ce marinsa ya yi.

An yi watanni Auta ba ya ɗaga wayarsa. Duk da haka Yaya bai fasa zuwa ba. Idan Auta ya tafi aiki, shi ke rufe gareji ya ɗauki yarinyar zuwa wurin gashin ƙashi. Shi ya lanƙwasa mata sandar dogarawa daidai tsawonta, ya yi mata fenti ruwan hoda saboda ta ce irinsa take so.

Wata rana da la'asar sai ga Auta a gareji. Ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna a kai da fararen kayansa.

"Yaya, na daɗe ina neman yadda zan ɗora maka laifin duka, ya ƙi ɗoruwa. Kai ka yi shiru, amma ni na ji kunyar rigar da ta yi min karatu. Na yafe maka. Ni ma ka yafe min."

Yaya ya gyaɗa kai, hawaye na bin baƙin man da ke fuskarsa.

Sun shirya, zumunci ya dawo. Gimbiya ta warke, sai dai ƙafar ba ta koma daidai ba, tana ɗan ɗingishi. Har yau ba ta san abin da ya faru a ƙarƙashin motar nan ba. Duk ranar da Yaya ya je gidan, ita ce ke fara jin sallamarsa. Sai ta taso da gudu tana jan ƙafa, hannuwa a buɗe, tana kiran, "Baffa! Baffa ya zo!"

Shi kuma sai ya durƙusa ya tare ta, yana murmushi, idonsa a kan ƙafar.

Darasi: Idan ka hango haɗari a gaban ɗan'uwanka, ka faɗa masa ko da ya ɓata maka rai. Fushi yana wucewa, amma abin da shirunka ya jawo yana iya faɗawa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kai kuma da Allah ya ɗaga, kada ka ji kunyar hannun da ya raine ka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da wata magana da ya kamata ya faɗa yau.