Maigidan da Aka Ɗaga wa Ƙarfe

Akwai wani maigida a birni wanda Allah ya buɗa masa, har jikinsa ma ya shaida. Asalinsa ɗan kan dutse ne. Ƙauyensu yana can bisa, inda mota kan tsaya a gindi ta bar wa ƙafa sauran aikin, a can kuma mahaifiyarsa take zaune. Ya daɗe bai hau ba. Yakan dai aika da shinkafa da zane da gaisuwa mai yawa.

Wata rana tsohuwar ta aiko masa ta ce, "Ƙarfina ya ƙare, ba zan ƙara saukowa ba. In an gama girbi ka hau, in ɗora maka hannu in sa maka albarka tun ina da sauran numfashi."

Sai maigidan ya tafi wurin likita don ya ji ko zai iya. Likita ya sa shi ya hau matakalar asibiti ya sauko, ya saurari hakinsa, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, zuciyar nan ba ta ƙi ka ba tukuna, amma ta fara shawara. Daga yau har girbi, kullum ka yi abin da zai sa ka zufa. In ka yi, za ka hau."

Shi kuwa mutum ne mai karɓar shawara, musamman irin wadda ake samu a kasuwa. Ya sa aka kwashe ɗakin ajiya, aka share, aka shafa fenti. Ya sayo keken motsa jiki, irin wanda ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Mai walda ya haɗa masa sandar ƙarfe mai nauyi a kowane gefe, kafinta ya yi masa benci. Aka shimfiɗa tabarmar roba, aka rataye igiyar tsalle, aka kafa babban madubi. Ya sa aka ɗaura fanka kuma, don kada zufar ta wuce kima. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani, baƙi kuwa sukan ce, "Kai, Yallaɓai, ai ganin ɗakin nan kaɗai rabin lafiya ne." Bai taɓa yi musu gardama ba.

To, a gidan akwai ƙanensa mai suna Kefas, magidanci ne shi ma, mai tarbiyya. A wurinsu ƙarami ba ya tsayawa yana kallon babba da kaya a hannu. Ko ƙwarya ce, sai ya karɓa.

Da safiyar da maigidan ya fara, ya sunkuya ya cicciɓo ƙarfen har gwiwa, ya yi nishi. Kefas yana wucewa ya ji, ya faɗo ɗakin.

"Haba Yaya! Ina raye? Kawo, kawo." Ya karɓe. "Ina za a kai shi?"

"Ba kai shi ake yi ba. Ɗagawa ake yi a sauke."

"Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan. Har sai an yi zufa."

Kefas bai ga hikimar abin ba, amma ba a yi renonsa don ya tambayi yayansa dalili ba. Ya yi ta ɗagawa yana saukewa. Maigidan ya zauna a benci ƙarƙashin fanka. Wani abu a ransa ya ce masa ba haka likita ya faɗa ba. Amma ya duba ya ga ƙwace kaya daga hannun ƙane cin fuska ne. Ban da haka ma, ƙarfen nasa ne, ɗakin nasa ne, ƙanen nasa ne, zufar kuma a gidansa aka yi ta.

Kashegari haka aka yi, har ya zama tsarin gidan. Daga ƙarfe Kefas ya koma keke, daga keke ya koma igiya. Maigidan bai taɓa fashi ba. Yakan shirya cikin farar riga da takalmin gudu, ya zauna yana gyara masa: "Miƙe bayanka. Ja numfashi. Da saura." Ya san abin sosai, har maƙwabta suna zuwa neman shawararsa.

Matarsa Afiniki ta ce masa wata rana, "Maigida, rigar Kefas kullum sai an matse ta, taka kuwa kamar yanzu ta fito daga hannun mai guga."

Ya ce, "Ke ba ki san tsarin ba. Ni ne mai lura."

Ta ce, "To, Allah ya ba mai lura lafiya."

Da aka gama girbi suka tafi. Mota ta tsaya a gindin dutse, suka kama hanya. Ba su yi nisa ba ƙirjin maigidan ya soma bugu, ganinsa ya dushe, ya nemi wani falalen dutse ya zauna. Daga nan yana hango rufin ɗakin mahaifiyarsa, ƙarami, can sama. Ya tashi ya sake gwadawa, ƙafafunsa suka ƙi.

Kefas ya ce, "Yaya, hau in goya ka."

Suka gwada. Hanyar siririya ce, gefenta rami, maigidan kuwa ya fi ƙarfen ɗakinsa nauyi. Suka fasa.

"Je ka," in ji maigidan. "Ka ce mata na zo."

Ya zauna yana kallon ƙanensa yana hawa kamar mai tafiya a fili. Can da rana ta karkata Kefas ya sauko, ya tsuguna, yana kallon ƙasa.

"Ka faɗa mata a madadina ka je?"

"Na faɗa, Yaya."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta gode. Ta ce albarkar a hannunta take, hannun kuma ba ya kaiwa gindin dutse. Sai ta ɗora mini."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba mai wuya ba ce. Ɗakin nan shi ne dukan kayan ibada da muka tara: Littafi Mai Tsarki mai kyakkyawar riga, littafin waƙoƙi, kujerarmu a gaban majami'a. Kefas shi ne duk wanda muka bar wa aikin. Wani ya bar wa matarsa zuwa sujada, yana cewa gidansa ba ya fashi. Wata ta bar wa fasto addu'a, ita nata shi ne amin. Waɗansunmu ma mun ƙware wajen gyara wa masu yi.

Girmama babba abu ne mai kyau, kada yaran da ke nan su koma gida su ce an hana su karɓar kaya. Yi wa juna addu'a ma wajibi ne. Amma akwai kayan da in an karɓa maka, an tafi da ƙarfin tare da shi. Tuba irin wannan kaya ne, haka gafarta wa wanda ya cuce ka, haka durƙusawa gaban Ubangiji da bakinka. Ran da za a kira ka bisa, ba za a tambayi abin da ke ɗakinka ba, ko wanda ya yi zufa a cikinsa. Da ƙafarka za ka hau.