Nomau da Sallamar Barci

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu zazzare ido.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

To, ku gyara zama. Wani manomi aka yi a garin Tudun Gawo, sunansa Nomau. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tal, Ayashe. Nomau ba rago ba ne, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Ciwonsa ɗaya, yana son a naɗa shi Sarkin Noma. A garin kuwa ba a naɗa mutum sai ya ɗaure dami dubu a damina guda. Ya yi ɗari biyar, ya yi ɗari shida, ya yi ɗari bakwai, dubu ta ƙi cika.

A wancan zamani Barci mutum ne, da ƙafafunsa yake yawo. Wani tsoho ne mai farin gemu, da jakar fata a kafaɗa. Bayan isha'i yake bi gida-gida. Tsoho ne mai ladabi, ba ya faɗa wa kowa ɗaki kai tsaye. Sai ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama, kuma hamma ce amsarsa. Ka yi hamma, ya shigo.

Ran nan Nomau ya kira 'yarsa ya ce, "Ayashe, na gano mai hana ni dubu. Tsohon nan ne. Ga farin wata, ga gona, ga ciyawa tana tofo, shi kuma ya zo ya shimfiɗe ni har asuba."

Ta ce, "Baba, ai kowa yana amsa masa."

Ya ce, "Kowa ai ba dubu yake nema ba."

Dare ya yi, Barci ya zo ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Hamma ta taso wa Nomau, ya cusa goro a baki ya danne ta. Ya saɓi fartanya ya tafi gona.

Dare na biyu Barci ya dawo ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Hamma ta taso, Nomau ya tsoma kansa cikin randa ya danne ta. Ya saɓi fartanya ya tafi gona.

Dare na uku Barci ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Nomau ya ɗaure haɓarsa da tsumma, ya yi magana ta cikin haƙora: "Na rantse ba na ƙara buɗe maka baki."

Barci bai yi fushi ba. Ya gyara jakarsa ya ce, "Sau uku nake sallama, ba na yin ta huɗu. Sai wata rana." Ya wuce gidan gaba.

Nomau ya shiga noma dare da rana. Makon farko mutane suna yabo, suna cewa kai, wannan namiji ne. Mako na biyu sai zuciya ta yi kusa. Ya zagi maƙwabcinsa a kan ya gaishe shi, ya mari jakinsa a kan ya kalle shi, ya yi ta cigiyar hularsa tana bisa kansa. Mako na uku fartanya ta sare shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Mura ta shige shi ta ƙi fita. Tuwo ya daina yi masa daɗi, idanunsa suka yi jajir kamar garwashi. Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi tsakiyar kunya, aka ɗauko shi ranga-ranga.

Aka kira wanzami. Ya duba, ya duba, ya mayar da ƙahonsa zabira. Ya ce, "Wannan ba ciwon ƙaho ba ne. Mutumin nan in ya ƙara kwana uku ido biyu, ku nemi likkafani."

Tsoro ya kama Ayashe, don ba ta da kowa a duniya sai shi. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi wa Allah ka kira tsohon nan."

Ya ce, "Na rantse, kuma namiji ba ya magana biyu."

Kun ji taurin kai. Mutum yana bakin kabari yana lissafin rantsuwa.

Da dare Ayashe ta je gidan maƙwabta ta tare Barci. Amma yana sallama ta yi hamma, kafin ta faɗi abin da ya kawo ta har ta ɓingire. Ta farka da safe, kwana ɗaya ya tafi. Ta ce, to, sai dai in same shi a gidansa da rana.

Ta shiga daji, ta gamu da Zomo. Ta ce, "Zomo, Zomo, ina gidan Barci? Babana yana mutuwa ido biyu."

Zomo ya ce, "Ni ba mu saba sosai ba. A tsaitsaye yake zuwa mini, ido buɗe. Shi ya sa kike ganina kullum a firgice, ko ganye ya faɗi sai in zura. Je ki tambayi Jemage."

Ta je gindin mangwaro ta ɗaga kai. Ta ce, "Jemage, Jemage, ina gidan Barci? Babana yana mutuwa ido biyu."

Jemage ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Yanzu ya bar nan, kin kuma tashe ni. Ni sai kowa ya gama nake samun saura, shi ma a rataye. Je ki tambayi Kwaɗo."

Ta je bakin tafki. Ta ce, "Kwaɗo, Kwaɗo, ina gidan Barci? Babana yana mutuwa ido biyu."

Kwaɗo ya ce, "A gidansa nake cin rani kowace shekara. Ba ki ji muryata ba in ruwa ya sauka? Ƙoshin barci ne. Bi wannan hanya har kogon tsohuwar tsamiya."

Ta bi, ta tarar da Barci zaune a inuwa ya zazzage jakarsa. Abu uku ne ciki: allura da zare, 'yar tsintsiya, da gora ta ruwan sanyi. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba tsoho, me kake yi da waɗannan?"

Ya ce, "Kayan aiki ne. Da allura nake ɗinke abin da yini ya yaga a jikin mutum. Da tsintsiya nake share masa kai, in ajiye abin da ya koya inda zai same shi gobe. Ruwan nan kuma zuciya nake yayyafa wa. Babanki ya ɗauka hira nake zuwa yi."

Ta ce, "Ka yi haƙuri ka dawo."

Ya ce, "Ba na sallama ta huɗu."

Ayashe ta ce, "To, ni fa? Ni ban taɓa ƙin amsa maka ba. In ina zaune a ɗakin babana, za ka yi mini sallama?"

Ya ce, "Zan yi miki. Amma ba na taɓa shi sai ya amsa da bakinsa. Kuma ki sani, ba na son fitila, ba na son hayaniya, ba na son warin goro."

Kafin ta iso gida kwana na biyu ya tafi, saura ɗaya. Ta share ɗaki, ta kakkaɓe tabarma. Ta kwashe goro ta kai wa maƙwabta. Ta sallami 'yan dubiya, ta dama kunu mai ɗumi ta ba shi, ta hure fitila. Sannan ta zauna daidai fuskarsa, inda hasken wata yake shigowa.

Bayan isha'i aka ji murya a ƙofa: "Salamu alaikum, Ayashe."

Ayashe ta yi hamma. Nomau ya kau da kai. Ta zagaya ta sake zama gabansa, ta yi hamma ta biyu, doguwa, har da miƙa. Haɓar Nomau ta fara rawa, ya riƙe ta da hannu biyu. Ta yi ta uku, har hawaye suka zubo mata. Kun dai san hamma, ba ta shawara da mutum. Bakin Nomau ya wage, ya wage, ya saki wata hamma da sai da jaki ya amsa daga turke.

Barci ya sa kai ya shigo. Nomau ya ce, "Ai ba kai na..." Bai ƙarasa ba, sai minshari.

Kwana uku Barci yana aiki a kansa, sau biyu zare yana ƙare masa. Ran na huɗu Nomau ya farka. Ya ce yunwa yake ji, ya cinye tuwo akushi guda. Ciwon ƙafa ya kame, mura ta tafi, ya aika a ba maƙwabcinsa haƙuri. Ayashe ta koma bayan ɗaki ta yi kukan murna.

Da hantsi suka tafi gona tare. Nomau ya tsaya bakin kunya, idonsa garau, ya duba. Rabin gonar babu gero. An bi shi layi-layi an sare, an bar ciyawa, har an tara mata ƙasa a gindi tsaf-tsaf.

Ya ce, "Ayashe, wa ya yi mini wannan ɓarna?"

Ta ce, "Ga sawu nan, Baba."

Ya sa ƙafarsa cikin sawun, ta zauna daidai. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Shekarar nan dami ɗari biyu ya ɗaure, kuma ba a naɗa shi komai ba. Amma ya rayu har ya ga jikokinsa. Wanda ya hana jikinsa barci, lafiya ce take fara tafiya, hankali ya bi ta, aikin ma da ake taƙama da shi ya lalace.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone. Na ga mutum uku sun yi hamma a cikinku, kada wanda ya ce mini ba shi ba ne. Kowa ya nemi tabarmarsa.