Ciyawar Jama'a, Ƙasar Dagaci

An yi wani dagaci da ya ƙyalla ido a kan filin kiwon garinsu, yana so ya shuka gyaɗa. Sai ya tara Fulani ya ce, "Ciyawa taku ce, ban hana ba. Amma ƙasa tawa ce. Duk saniyar da ta taka ta, ta zama tawa."

Bappa Juli, tsohon da ya baro shanunsa ɗaure suna kukan yunwa, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mun yarda. Sai dai ƙasarka ta manne a gindin ciyawarmu. A taimaka a janye ta kafin azahar."

Dagaci ya zaro ido. "In kai ta ina?"

"Can inda ka so shanun su tsaya, ranka ya daɗe."

Fada ta fashe da dariya. Kafin azahar shanu suka shiga filin, kowace da ƙafafunta huɗu.