Kujerar Yayana

Malaminmu, bawan Allah, masanin Littafi Mai Tsarki, ma'abocin haƙuri da tawali'u, wanda Ubangiji ya cika bakinsa da hikima, zuciyarsa kuma da ƙaunar Almasihu, yana da wata al'ada da ban ga irinta wurin kowa ba. Duk wanda ya bar majami'armu cikin fushi, ba ya yarda a ɗauke kujerarsa ko wani ya zauna a kanta. Kowace safiya da hannunsa mai albarka yake goge mata ƙura, ya dafa ta, ya yi wa mai ita addu'a. Dattawan ikilisiya sun sha gunaguni, wai masu zuwa suna tsaye, kujerun 'yan gudu suna hutawa. Ni kuwa kafintan da ya haɗa kujerun nan, har gobe ina alfahari da abin da idona ya gani.

Cikinsu akwai ta yayana, direban babbar mota, wanda ya yi faɗa da mahaifinmu ya fice shekara da shekaru, ko ranar jana'izar tsohon ba a gan shi ba. Da ciwo ya kwantar da innarmu, sai ta rufe baki ta ƙi abinci, ba ta kiran sunan kowa sai na yayan nawa, har muka soma fid da rai.

Ran nan Malam, Allah ya ƙara masa daraja, ya leƙo shagona ya ce, "Ɗana, ƙafar kujerar yayanka tana rawa. Gyara ta yau, kada ya zo ya faɗi."

Ban tsaya tambaya ba, na ɗauki guduma da ƙusa.

Washegari Lahadi muna tsakiyar waƙa, sai ga mutum a bakin ƙofa, riga duk baƙin mai. Yaya ne! Ashe ba wurinmu ya nufa ba, wucewa zai yi da kaya, motar ta mutu daidai ƙofar majami'a, ya shigo neman masu turi. Malam ya nuna masa gurbinsa. Yaya ya shafa kujerar, ya dubi tafin hannunsa, babu ƙura ko kaɗan, sai ya durƙusa a gabanta, ƙato da shi yana kuka kamar yaro.

Malam ya ce, "Allah bai ba kowa wurinka ba. Tashi, inna tana jira."

A hannun Yaya innarmu ta karɓi lomar farko, ga ta nan kuwa da ranta, tana yi masa faɗan rashin aski. Motar ma, murɗa makulli ɗaya ta tashi, ba wanda ya tura ta.

Yabo ya tabbata ga Uba mai ƙauna, wanda ba ya gajiya da jira. Ya Ubangiji, ka yi wa bawanka albarka, mu ma ka sa mu a cikinta. Ranar da ƙafarmu ta kauce, ka sa mu tarar da kujerarmu a goge. Amin.