Takwarar Jaririyar Sa'ade

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

An yi wani maƙeri, Isiyaku, da shi da matarsa Sa'ade sun daɗe suna neman haihuwa. Ciki ya samu, har ya fara motsi, sai aka gano ciwon daji a ƙashin cinyarta. Likitoci suka ce ko a yanke ƙafar, ko a yi mata ƙarin magani ta jini, wanda zai iya zubar da cikin. Isiyaku ya fito ya jingina da bango.

Yayar Sa'ade, Lantana, malamar jami'a ce. Ta shekara da shekaru tana narka tokar ƙaiƙayin shinkafa da ɓawon ƙwai, har ta fitar da wani gilashi mai huda-huda kamar soso. In an cusa shi a ramin ƙashi sai ya narke a hankali, sabon ƙashi ya maye gurbinsa. Ana kuma jiƙa shi da maganin daji, ya riƙa tsattsafowa a wurin kaɗai. Amma ba a taɓa sa wa mutum ba.

Likitar ƙashi, Dakta Rakiya, ta ce ba za ta fara gwaji da mai ciki ba.

A lokacin ƙanwar Isiyaku, Asabe, tana kwance a asibitin, mota ta ragargaza mata ƙwauri. Ta ce, "Yaya, a fara da ni. In ya ɓaci, ƙafa ɗaya ce. Sa'ade kuwa rai biyu ne." Aka sa mata. Isiyaku ya yi ta jira, cinyar matarsa kullum ƙara kumbura take, har hoto ya nuna ƙashin Asabe ya kama.

Ranar aikin Sa'ade, aka tarar ƙarin, wato tsiron dajin, ya nannaɗe babbar jijiya. Jini ya ɓalle. Sauran likitoci suka ce a yanke ƙafar kawai. Dakta Rakiya ta ƙi, ta danne jijiyar da yatsa, ta ɗinke, ta kankare ƙarin tas, ta cika ramin da gilashin. Ta san in Sa'ade ta mutu, ita za a kama.

Sa'ade ta haifi 'ya mace, ta taka ƙafarta. Safiyar suna, Lantana da Asabe da Dakta Rakiya na cikin gida, liman ya sunkuyo ya ce, "Malam Isiyaku, wane suna za a raɗa?"

To, Lantana, Asabe ko Rakiya, wa ta fi cancanta a yi mata takwara?